Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitocin kimiyya da fasaha na Majalisar Tarayya, a kan Janar Charles Bolden

Masu girma sanatoci da 'yan Majalisar Wakilai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan wani mutum da ba ɗan ƙasarmu ba: Manjo-Janar Charles Bolden, sojan ƙundumbalar Amurka da ya je sararin samaniya sau huɗu, daga baya ya shugabanci NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, daga 2009 zuwa 2017. Masu ba da labarinsa sukan tsaya a kan jarumtakarsa, kuma ya cancanci haka. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Duk wata babbar mararraba a rayuwar mutumin nan, in ka duba da kyau, sai ka tarar da ɗan majalisa tsaye a wurin, ko yana buɗe masa ƙofa ko yana rufewa. Tunda kasafin kuɗin hukumar sararin samaniyarmu, NASRDA, ta hannunku yake bi, kuma ku ke da hurumin kiran shugabanninta ku yi musu tambayoyi, na ga ku ya fi dacewa ku ji labarin ta wannan fuskar.

An haife shi ranar 19 ga Agusta, 1946, a birnin Kolumbiya na jihar Karolina ta Kudu, lokacin da dokar wariyar launin fata ke kan ganiyarta a kudancin Amurka: makarantar baƙi daban, ta farare daban, har famfon shan ruwa an raba. Iyayensa malamai ne. Uban yana koyarwa yana horar da 'yan ƙwallo, uwar tana kula da ɗakin karatu. Tun yana yaro ya ƙwallafa rai a kan kwalejin hafsoshin sojan ruwa da ke Annapolis. To amma a can ƙoƙari a aji kaɗai ba ya shigar da ɗan farar hula wannan kwaleji, sai wani ɗan majalisar tarayya ko mataimakin shugaban ƙasa ya miƙa sunansa. Wakilan jiharsa kuwa suka ƙi. Cikinsu har da Sanata Strom Thurmond, wanda a 1957 ya yi sa'a 24 da 'yan mintoci a tsaye yana zuba magana a zauren majalisa don kawai ya hana dokar 'yancin baƙaƙen fata wucewa. Yaron bai karaya ba. Ya rubuta wa Shugaba Lyndon Johnson wasiƙa, bayan 'yan makonni aka turo jami'i har gidansu, a ƙarshe William Dawson, baƙar fata mai wakiltar wani yanki na Shikago, ya ba shi gurbi. Bolden ba ɗan mazaɓar Dawson ba ne, iyayensa ba za su taɓa jefa masa ƙuri'a ba. Da wannan sa hannun guda Amurka ta samu janar, ta samu kwamandan kumbo, ta samu shugaban NASA. Shi kuwa Thurmond, daga baya ya riƙa aika wa Bolden takardun taya murna duk lokacin da ya taka wani sabon matsayi. Ranku ya daɗe, takardar taya murna ba ta biyan gurbin da aka hana yaro yana ɗan shekara goma sha bakwai, kuma na san a kan teburanku akwai takardun yaran da ba su da kowa, suna jiran irin hannun Dawson.

Ya gama kwalejin a 1968 da digiri a fannin lantarki, ya shiga rundunar ƙundumbala, ya zama matuƙin jirgin yaƙi a 1970. Tsakanin 1972 da 1973 ya kai farmaki fiye da sau 100 a Biyetnam da Lawos da Kambodiya da jirgin A-6, daga wani sansani a Tailan. Ba zan ƙawata wannan ba, don bama-baman nan a kan mutane suka sauka, kuma yaƙi ne da har yau Amurkawa da yawa ke ganinsa a matsayin abin kunya. Bayan ya dawo ya ƙaro digiri na biyu a 1977, ya gama makarantar matuƙa masu gwajin sababbin jirage a 1979. A nan ne ya haɗu da Ronald McNair, ɗan jiharsu, masanin kimiyyar lissafi da ke cikin baƙaƙen fata uku na farko da NASA ta ɗauka 'yan sama jannati a 1978. McNair ya tambaye shi ko zai nemi aikin. Bolden ya ce ai ba za su ɗauke shi ba. McNair ya nuna masa cewa bai taɓa jin maganar wauta irin wannan ba: yaya za ka sani ba ka nema ba? Ya nema, aka ɗauke shi a 1980.

Tafiyarsa ta farko ita ce nake so ku tsaya a kanta. Watan Janairun 1986 ne, a cikin kumbon jigila mai suna Columbia, irin wanda ke tashi a tsaye kamar roka ya sauko a kan titi kamar jirgin sama. Bolden ne matuƙi. Cikin mutum bakwai da ke ciki akwai ɗan Majalisar Wakilai daga Fulorida, Bill Nelson, shugaban ƙaramin kwamitin da ke kula da harkar sararin samaniya. An yi ta ɗage tashin nan. A ɗaya daga cikin ranakun, saura daƙiƙa 31 su tashi aka dakatar, daga baya aka gano cewa bisa kuskure an tsiyaye wani kaso na ruwan iskar oksijin daga tankin. Suka tashi ranar 12 ga wata, suka sauko ranar 18. Kwana goma da saukarsu, ranar 28 ga Janairu, kumbon Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi, mutum bakwai suka mutu. McNair yana cikinsu. Akwai kuma wani injiniya, Gregory Jarvis, wanda ba a wannan tafiyar aka fara sa shi ba. An cire shi daga wata tafiya a 1985 don a ba Sanata Jake Garn kujera, aka sake cire shi daga tafiyar su Bolden don a ba Nelson, shi ne ya faɗa cikin Challenger. Ajali a hannun Allah yake, kuma babu mai hankalin da zai ɗora wa Nelson jinin Jarvis. Amma kujerar da aka tanada don mai aiki, sau biyu aka karɓe ta aka ba mai muƙami, saboda hukumar tana neman yardar masu riƙe da jakarta. A 2016 wani ministanmu ya ce Nijeriya za ta aika ɗan sama jannati kafin 2030, a 2024 kuma NASRDA ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfani mai suna SERA don a samar wa ɗan Nijeriya kujera a kumbon kamfanin Blue Origin na Amurka. Duk ranar da irin wannan kujera ta shigo hannun gwamnati, ina roƙonku da ku zama na farkon kawar da kai daga gare ta.

Bincike ya nuna cewa wani zoben roba da ke toshe mahaɗar rokar ne sanyin safiyar ya ƙandarar, kuma injiniyoyin kamfanin da ya ƙera ta sun yi gargaɗi tun daren, manya suka danne maganarsu. Aka dakatar da kumbunan jigila har watan Satumban 1988. A wannan tsakanin aka ba Bolden shugabancin sashen kiyaye haɗurra na cibiyar Johnson da ke Hustan. Ga wani abu da ya yi da ke nuna irin mutumin. A dandalin harba kumbo na Fulorida, a wancan lokacin, akwai wasu kwanduna na ƙarfe da aka rataya a can saman hasumiya, a kan waya mai tsawon sama da mita 300. In wuta ta tashi kafin kumbo ya ɗaga, 'yan sama jannati za su fito a guje su faɗa cikin kwandunan, su sulalo ƙasa da gudu har raga ta tare su. Shekara da shekaru ana gaya musu cewa wannan ce hanyar tsira, amma ba a taɓa gwada ta da ɗan'adam a ciki ba. Bolden ne ya fara shiga kwandon ya sulalo.

A watan Afrilun 1990 shi ne matuƙin kumbon jigila mai suna Discovery da ya kai na'urar hangen nesa ta Hubble, can wajen kilomita 600 daga doron ƙasa. Ana cikin sakinta sai ɗaya daga cikin faifan da ke tara mata hasken rana ya ƙi warwarewa. Bruce McCandless da Kathryn Sullivan har sun sa rigunan fita waje suna jira a zauren ƙofa, za su je su warware shi da hannu, sai injiniyoyin ƙasa suka shawo kan matsalar ta kwamfuta. Wata biyu bayan haka aka gano cewa babban madubin na'urar an goge shi ba daidai ba, kuskuren bai wuce kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin gashin mutum ba, amma ya isa ya sa hotuna su fito dishi-dishi. Jaridu suka mai da NASA abin dariya. Sanata Barbara Mikulski ta jihar Merilan tana cikin waɗanda suka fi kowa fusata, kuma ba ta ɓoye ba. Sai dai fushinta bai sa ta yanke kuɗin ba. Ta tsaya aka biya kuɗin gyara, aka tura wasu 'yan sama jannati suka gyara na'urar a Disamban 1993, ga ta tana aiki fiye da shekara talatin. Matar nan ce kuma, a 2011, lokacin Bolden yana shugabanci, ta tsaya tsayin daka da wani kwamitin Majalisar Wakilai ya nemi a soke sabuwar na'urar hangen nesa ta James Webb saboda kuɗinta sun zarce kima. An harba Webb ranar 25 ga Disamba, 2021. A ganina aikin sa ido ke nan: ka kira su, ka titsiye su, ka sa a canza waɗanda suka gaza, amma kada ka kashe aikin don ka huce haushi.

Sauran tafiye-tafiyensa biyu a matsayin kwamanda ya yi su, a kumbon Atlantis a 1992 da Discovery a Fabrairun 1994. A ta ƙarshen ne ɗan Rasha na farko, Sergei Krikalev, ya shiga kumbon jigila na Amurka. Bolden ya sha faɗa cewa da farko bai so ba, don duk rayuwarsa horon yaƙar Rashawa aka yi masa, sai da suka ci abinci tare ya sauko, suka zama aminai. Ya tara sama da sa'a 680 a sararin samaniya, ya koma kaki a 1994, ya jagoranci dakaru a Kuwait a 1998, ya zama mataimakin kwamandan sojojin Amurka a Japan, ya yi ritaya a 2003 bayan shekara 34.

Kada wani ya karanta wasiƙar nan ya ce ina kira a ɗauko janar a ba shi NASRDA. Dokar 1958 da ta kafa NASA ta ce shugaban hukumar daga cikin farar hula za a naɗa shi, kuma Bolden ya yi shekara shida da tuɓe kaki kafin Shugaba Obama ya miƙa sunansa. Mu ma muna da hukumar sararin samaniya ta soja daban, ya kamata kowacce ta tsaya a huruminta. Abin da ya kai shi kujerar shi ne ya san aikin tun daga ƙasa, ya zauna a kan tankin da zai iya tarwatsewa da shi, ya binne abokai. Wanda ya fi kowa matsa wa fadar shugaban ƙasa a kan a zaɓe shi kuwa shi ne Bill Nelson, wanda a lokacin ya zama sanata, don ya ga aikinsa da idonsa. Majalisar Dattawa ta tabbatar da Bolden ranar 15 ga Yuli, 2009 ba tare da hamayya ba, baƙar fata na farko da aka tabbatar a wannan muƙami.

Ya tarar da gida a hargitse. Tun 2004, bayan Columbia ya tarwatse a Fabrairun 2003, Shugaba Bush ya yanke cewa za a jingine kumbunan jigila. Shirin da zai gaje su, mai suna Constellation, ya ci wajen dala biliyan 9 amma yana baya ƙwarai, kuma kwamitin ƙwararru ya ce kuɗin da ake ba shi ba za su kai shi ko'ina ba. A Fabrairun 2010 gwamnati ta soke shi, ta ce za a riƙa biyan kamfanoni masu zaman kansu su kai 'yan sama jannati tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Sanarwar ta zo wa ma'aikata da 'yan majalisa a bazata, kuma Bolden ya fito ya ɗauki laifin rashin shirya su. Gaskiya ma ba shi ne ya fi kowa ɗokin tsarin ba da farko, mataimakiyarsa Lori Garver ce ta fi tura shi. Neil Armstrong da Jim Lovell da Gene Cernan, dattawan da duk ɗan sama jannati ke jin nauyinsu, suka fito fili suka yi suka. A Yulin 2011 Atlantis ya yi saukar ƙarshe, Bolden, mutumin da ya tuƙa kumbunan nan da hannunsa, shi ne ya tsaya aka raba su gidajen tarihi, dubban ma'aikata suka rasa aiki. Mutum ne mai saurin hawaye, ya sha yin kuka a gaban jama'a, amma bai janye ba.

A nan ne majalisa ta yi abin da nake tsoron mu ma mu riƙa yi. Don shekarar kuɗi ta 2012 NASA ta nemi dala miliyan 850 saboda shirin kamfanonin, aka ba ta miliyan 406. Shekara bayan shekara aka yi ta zabtarewa, ranar tashin farko ta yi ta ja da baya daga 2015. A tsakanin nan Amurka ba ta da wata hanyar kai mutanenta sama sai ta sayi kujera a kumbon Soyuz na Rasha, farashin kujera ɗaya ya yi ta hawa har ya haura dala miliyan 80. Da rikicin Kirimiya ya ɓarke a 2014, wani mataimakin firaministan Rasha, Dmitry Rogozin, har gori ya yi musu. A Agustan 2015 Bolden ya rubuta wa majalisa wasiƙa yana shaida musu cewa saboda ƙarancin kuɗin da suke bayarwa, dole ta sa ya sake sa hannu a kwangilar dala miliyan 490 da Rasha. Wato kuɗin da aka ce an tsimi a gida, an kwashe su an kai wa abokin hamayya. Kwangilar da ya bayar a Satumban 2014, biliyan 4.2 ga Boeing da biliyan 2.6 ga SpaceX, ba ta haifar da ɗa mai ido ba sai ranar 30 ga Mayu, 2020, da Doug Hurley da Bob Behnken suka tashi daga Fulorida. Kusan shekara tara ke nan ba tashi daga gida, kuma a lokacin Bolden ya yi fiye da shekara uku da barin ofis, wasu ne suka tsaya gaban kyamara.

A ɗaya gefen kuma majalisar ta tilasta masa abin da gwamnati ba ta nema ba. Dokar 2010, wadda Nelson ɗin nan da Sanata Kay Bailey Hutchison ta Tekzas suka jagoranta, ta umarci NASA ta ƙera wata ƙatuwar roka mai suna SLS da kayan tsofaffin kumbunan jigila, wanda hakan ke nufin kwangiloli za su ci gaba da zama a jihohin da suke. Masu suka har laƙabi suka yi mata da rokar Majalisar Dattawa. Doka ta ce ta fara aiki kafin ƙarshen 2016, ba ta tashi ba sai Nuwamban 2022, kuma babban mai binciken kuɗi na NASA ya ƙiyasta cewa kowane tashi na farko-farko, da kumbon da ke kanta da kayan ƙasa, zai ci dala biliyan 4.1. A 2011 kuma wani ɗan majalisa, Frank Wolf, ya cusa sharaɗi a dokar kasafi da ya hana NASA haɗa kai da ƙasar Sin, bayan Bolden ya kai ziyara can a 2010. Duk da haka a zamaninsa motar bincike ta Curiosity ta sauka a duniyar Mars a Agustan 2012, kumbon bincike na New Horizons ya wuce ta gefen Pluto a Yulin 2015, na Juno ya isa Jupita a 2016. Shirinsa na janyo wani dutsen sararin samaniya kusa da wata kuwa bai samu karɓuwa ba, aka soke shi bayan tafiyarsa, kuma ban ga laifin majalisa a wannan ba.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. A 2010, a wata hira da tashar Aljazira a Alƙahira, Bolden ya ce cikin ayyukan da Obama ya ɗora masa har da miƙa hannu ga ƙasashen Musulmi, a tuna musu gudummawarsu ga kimiyya da lissafi. 'Yan adawa suka yi masa ca, kakakin fadar shugaban ƙasa ya fito ya ce wannan ba aikin NASA ba ne, aka bar shi shi kaɗai da maganar. Na ji zafin yadda aka yi masa. Amma abin ya nuna mini cewa hannun da wata ƙasa ke miƙo mana yana iya janyewa cikin mako guda in siyasar gidansu ta juya, ko da mun sa hannu a yarjejeniyar Artemis, ta haɗin kan ƙasashe a binciken sararin samaniya wadda Amurka ke jagoranta, kamar yadda muka yi a Disamban 2022.

Mu ma ba daga sifili muka fara ba. An kafa NASRDA a 1999, aka harba tauraron ɗan'adam namu na farko, NigeriaSat-1, a Satumban 2003, kuma hotunan da ya ɗauka sun taimaka wa Amurka kanta lokacin guguwar Katrina a 2005. A Agustan 2011 aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun nan injiniyoyinmu ne suka haɗa shi bayan horon da suka samu a Ingila. An ƙera NigeriaSat-2 ne don ya yi shekara bakwai, ku yi lissafin da kanku. Ƙasar da ta ga ambaliyar 2012 da ta 2022, ta ga ruwan madatsar Alau ya shanye Maiduguri a 2024, take fama da 'yan bindiga a dazuka, ba ƙawa take yi ba in ta nemi ido a sama. In ba ta da nata, sai ta sayi hoto daga wasu da dala, a farashin da suka ga dama, kamar yadda Amurka ta sayi kujerun Soyuz.

Don haka a zaman kasafi mai zuwa, in shugabannin hukumar sun zo gabanku, ina roƙon ku tambaye su a bainar jama'a: wane tauraron ɗan'adam ne ke aiki yau, yaushe magajinsa zai tashi, nawa zai ci gaba ɗaya, kuma injiniyoyin da aka horar a Ingila nawa ne har yanzu suke tare da mu. In amsar ta gamsar da ku, ku ba da kuɗin cikakku, ku bi sawu a sake su a kan lokaci shekara bayan shekara har aikin ya ƙare, ko da ranar harbawa za ta zo bayan wa'adinku. Kada kuma a cusa wa kasafin hukumar ayyukan mazaɓu da ba ita ta nema ba. In amsar ba ta gamsar da ku ba, ku faɗa a fili, ku sa musu ranar da za su dawo da wadda ta fi ta.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Wani ɗan ƙasa mai bibiyar harkokin sararin samaniya